Firji Uku a Gidan Don Cástulo

Litinin, 2 ga Oktoba

Ranar farko a aiki. Na isa ofishin magajin gari ƙarfe bakwai saura kwata, ba a buɗe ba sai takwas da minti goma. Kwantiragin wata huɗu ne, zai ƙare 31 ga Janairu. Mu biyar ne masu shiga gidaje.

Ina rubutawa a nan don kar in manta, yadda Dokta Vergara, shugabar sashenmu, ta faɗa. A shiga gida, a cika fom a kwamfutar hannu, tambaya saba'in da huɗu. Bango, daɓe, rufi, bayan gida, kayan da gidan ya mallaka, abin da ake samu a wata. Fom ya tafi Bogotá, babban birnin ƙasa, can ake lissafi, a dawo da harafi. A, B da C suna ganin likita su karɓi magani kyauta. D sai ya riƙa biya duk wata, in bai biya ba katinsa na asibiti ba ya aiki. Mu ba ma ba da harafi. Sau uku ta maimaita wannan.

"Abin da idonku ya gani, da abin da bakin mai gida ya faɗa. Ba sanayya, ba tausayi, ba shan kofi a gidan kowa." Wadda na gaji kujerarta an kore ta ne don ta rubuta daɓen ƙasa a gidan ƙanwar uwarta, alhali siminti ne. Masu bin diddigi sukan koma gida ɗaya cikin goma ba sanarwa.

Mama ta sa takardar digirina a gilashi ta rataye saman talabijin. Ga sunana a jiki, Yuranis Paternina Meza. Ta karkace kaɗan ta hagu. Na gyara, ta sake karkacewa.

Laraba, 11 ga Oktoba

Gida tara. An haɗa ni da Dairo, wanda ya shekara takwas a wannan aikin, kwantiragi bayan kwantiragi. Yana gama fom a minti goma sha biyar. Ni ashirin da biyar, don nakan sake karanta kowace amsa. Ya sa min suna Dokta Ba-Kuskure. Mutanen gari ma Dokta suke ce min, har tsofaffin da suka san ni ina yawo ba takalmi.

Alhamis, 19 ga Oktoba

Kogi ya cika. Unguwar Barranquita sai da kwalekwale mai inji, minti arba'in. Ruwa ya shiga yawancin gidaje har gwiwa, mutane sun kafa katako a cikin ɗakuna sun hau, a can suke girki, a can suke kwana.

Gida na shida: Don Cástulo Támara, shekara saba'in da ɗaya, tsohon masunci, shi kaɗai yake zaune. Gidansa ne kaɗai a kan tudu. Bango katako, daɓe siminti da ya farfashe, rufi kwano. Ya tarbe ni da farar riga mai guga. Ƙafarsa ta dama a naɗe da bandeji. Ciwon suga, shekara tara, allura safe da yamma. Harafinsa B.

Falon ba wurin sa ƙafa. Firji uku. Injin wanki biyu. Babur, talabijin biyu, keken ɗinki. Kowanne an ɗaura masa ƙyalle, wani ja, wani rawaya, wani kore, wani mai furanni.

Tambaya ta arba'in da ɗaya: gidan nan yana da firji? Na karanta ta kamar yadda take a rubuce. Ya dube ni, ya dubi firjin.

"Dokta, a jami'ar ba sa raba ido?"

Na ce, "Baba, duk na gidan nan ne?" Sau ɗaya na tambaya.

Ya gyara zama. "Abin da ke ƙarƙashin kwanon nan, ni ke amsa sunansa. Rubuta."

Na rubuta. Firji, i. Injin wanki, i. Babur, i. Da na zo kan abin da yake samu, ya ce shi bai taɓa kwana da yunwa ba, ya faɗi wani adadi. Ina jin na watan da kifi ke hawa kogi ne, kuma ba na bana ba. Na rubuta shi ma.

Ya zuba min kofi daga fulas. Na ce ba a yarda mana ba. Ya buɗe fulas ɗin ya mayar da shi a hankali, ko ɗigo bai zube ba.

Na san ma'anar ƙyallayen. Ba zan yi wa littafin nan ƙarya ba. Duk Oktoba kakata takan ɗaura wa kekenta na ɗinki shuɗin ƙyalle, maza su ɗauka su kai gidan da ke tudu, sai ruwa ya janye a dawo da shi. Kayan maƙwabta ne. Amma fom ba shi da gurbin ajiya. Idona ya ga firji, bakinsa ya ce i. In masu bin diddigi suka zo suka tarar da firji uku, ni kuma na rubuta babu fa?

Ƙafafuna sun yi laushi don ruwa a cikin takalmin roba.

Talata, 7 ga Nuwamba

Wata mata a unguwar bayan kasuwa ta tura talabijin ƙarƙashin gado, ta manta wayar a jone. Na bi wayar da ido har gado. Ta ce na ƙaninta ne. Na rubuta i. Ta bi ni har bakin titi tana faɗa min irin 'ya'yan da zan haifa.

To ga shi. Ba kowane "ba nawa ba ne" ake yarda da shi ba. Wannan ya ɗan kwantar min da hankali a kan gidan Barranquita, ban san dalili ba.

Juma'a, 24 ga Nuwamba

Gida ɗari uku da goma sha huɗu zuwa yau. Ba a dawo min da ko ɗaya don gyara ba. Na gaji.

Laraba, 13 ga Disamba

Haruffan Oktoba sun fito. Ba aikina ba ne in duba, amma na duba. Támara, Cástulo: daga B zuwa D.

Ba ni na ba shi D ba. Lissafin Bogotá ne.

Na ci rogo da kindirmo a tsaye, ban gama ba.

Talata, 9 ga Janairu

Wata tsohuwa ta zo ofis ƙarfe tara da rabi, gajera, da laima a hammata. Ta wuce layin, ta wuce mai gadi, ta tsaya a gaban teburina. Doña Emperatriz Arrieta, maƙwabciyar Don Cástulo.

"Ke ce mai ƙirga firji?"

Na ce ta zauna. Ta ce ta zauna minti arba'in a kwalekwale, ya ishe ta.

Abin da ta faɗa, a jere. Ranar 4 ga wata Don Cástulo ya je ƙaramin asibiti karɓar allurarsa ta wata, aka ce katinsa ya daina aiki. Gyambon ƙafarsa ya ƙi warkewa tun Satumba. Ya jira wata huɗu kafin a ba shi ranar ganin babban likitan ƙafa a birnin Sincelejo, 25 ga Janairu. Yanzu an ce in katin bai dawo ba kafin ranar, za a ba wani gurbin. Sai dai in abin ya zama na gaggawa, wannan ba a korar kowa.

"Wato sai ta ruɓe tukuna, sannan ta cancanta," in ji ta.

Na fara yi mata bayanin Bogotá. Ta ɗora laimar a kan teburina.

"Jan ƙyallen nawa ne, 'yar nan. Firjina ne. Shekara goma sha ɗaya yana hawa gidan Cástulo duk Oktoba, ba wanda ya taɓa yi masa rajista sai ke. Mutumin da ko allurarsa a firjina yake ajiyewa." Sai ta ƙura min ido. "Ke ba jikar Nicolasa ba ce, mai ɗinki?"

Na ce ni ce.

"To ai kin sani."

Dairo ya sunkuyar da kai kamar yana neman biro.

Bayan ta tafi na shiga wajen Dokta Vergara. Ƙa'ida: mai gida ba ya neman a sake shiga gidansa sai bayan wata shida. Wato 19 ga Afrilu. Sai dai in wanda ya cika fom ɗin ya rubuta da hannunsa cewa ya yi kuskure. In haka ne a sake shiga, ofis ya ba asibiti takarda su ci gaba da karɓar katin har sabon harafi ya fito. Duka mako guda. Takardar kuskuren kuma ta shiga fayil ɗin ma'aikacin.

"Ƙarshen wata za a sabunta kwantiragin uku cikin ku biyar," ta ce, tana duban kwamfutarta. "Ban ce ki rubuta ba, ban ce kar ki rubuta ba."

Laraba, 10 ga Janairu

Na rubuta. Layi bakwai. Na sa hannu, na sa kwanan wata. Tana cikin jakata, a aljihun ciki.

Daga yau zuwa 25 kwana goma sha biyar. Akwai lokaci.

Juma'a, 12 ga Janairu

Dokta Vergara tana taro duk yini. Gaskiya ne, tana taro. Amma akwai akwatin takardu a ƙofarta.

Litinin, 15 ga Janairu

Na faɗa wa Mama, tana yanka agade. Ta ce in jira a sabunta tukuna, ranar ɗaya ga Fabrairu in miƙa. Na ce ranar likitan 25 ce. Ta ce ranar likita ana sake ba da wata, aiki ba a sake ba da shi.

"Shekara biyar ina soya kifi a bakin tasha don takardar can. Shi ya ce nasa ne ko bai ce ba?"

"Ya ce."

"To."

Ta ci gaba da yanka. Agaden da ta yanka sun fi na mutum biyu.

Laraba, 17 ga Janairu

A kwalekwale na tambayi Dairo shi yaya yake yi in ya ga ƙyalle. Ya ce ba ya gani. Na ce to ai ƙarya ce. Ya ce, "Ƙanwata, ni shekara takwas ina ƙarya, ke wata uku kina gaskiya. Je ki tambayi ƙafar tsohon wanne ta fi so."

Daga baya ya sassauta. Ya ce shi ma ya taɓa yin irin nawa, a shekararsa ta farko, wata mata da injin niƙa. Na ce ya rubuta takarda? Ya ce injin kwalekwalen ya cika ƙara, bai ji ni ba.

Na sake karanta littafin ƙa'ida. Shafi na 38 ya ce "kayan da gidan ya mallaka". Mallaka. Ba "kayan da ke cikin gidan" ba. Na karanta wannan shafin a Oktoba ma. Har layi na ja a ƙarƙashinsa.

Asabar, 20 ga Janairu

Na je Barranquita da kuɗina, ba kwamfuta, ba rigar ofis. Ruwa ya janye, laka ta bushe ta tsattsage, layin ruwan yana nan a jikin kowane bango.

Falon Don Cástulo fayau. Kujerar lilo ɗaya, teburi, rediyo, ragar kwanciya, hoton marigayiyar matarsa. A kan simintin ana ganin inda kowane firji ya tsaya.

Tun daga ƙofa na ji warin. Nas ɗin ƙaramin asibitin tana wanke masa gyambon ba tare da ta rubuta a littafi ba, allurar kuma Doña Emperatriz ta samo masa ragowar ta wani mamaci. Yana rage yawan da yake yi don ta kai.

Ya gane ni. Ya so ya tashi, na hana shi.

Na ce, "Baba, me ya sa ba ka ce na maƙwabta ne ba?"

"Kin tambaye ni na maƙwabta ne?"



Ya ce tun zamanin ubansa gidan nan ne gidan ajiya. Ko cokali bai taɓa ɓata ba. Wanda aka ba amana ba ya tsayawa a gaban baƙo, balle baƙon gwamnati, ya ce wannan ba nawa ba ne, wancan ba ruwana. In ka faɗi haka ka saki kayan ke nan. In an zo an kwashe, ko an ce a biya musu haraji, me za ka ce wa mai shi? Kuma wa ya san dalilin da gwamnati ke ƙirga firjin mutane.

"Na faɗa, kin rubuta. Ke kin yi aikinki, ni na yi nawa. Ƙafa ce ta shiga tsakani."

Na ce akwai takardar da in na miƙa za a gyara. Ban ce masa tana jakar da ke kan cinyata ba. Ya ce in takardar za ta ci min aiki in bar ta, shi ya riga ya yi tafiyar da zai yi da ƙafar nan.

Da ma ya zage ni, da ya fi.

Litinin, 22 ga Janairu

Na miƙa, ƙarfe takwas da minti goma sha biyu. Dokta Vergara ta karanta, ta kalli kwanan watan da ke sama, 10 ga Janairu, ta kalle ni. Ta buga hatimi. An sa ranar sake shiga Juma'a. Na ce ba za a iya Laraba ba? Ta ce a makon nan kwalekwalen ofis sai Juma'a zai je Barranquita, kuma dole da shaida.

Kwana goma sha biyu a jaka.

Alhamis, 25 ga Janairu

Yau ce ranar. Ƙarfe goma na safe aka sa wa Don Cástulo ganin likita. Ƙarfe goma ina wani gida ina tambayar wata mata irin bayan gidan da suke da shi.

Juma'a, 26 ga Janairu

Ni da Dairo a matsayin shaida. Mun tarar maƙwabta sun riga mu. Sun kwashe komai. Ba teburi, ba rediyo, ba kujerar lilo, har ragar kwanciya sun kwance. Don Cástulo yana zaune a kan bokitin da aka kifa, da farar rigarsa, ransa a ɓace. Doña Emperatriz tana tsaye a ƙofa, hannu a ƙugu.

"Shiga ki ƙirga, Dokta. In kin ga firji ni ce."

"Sun mai da ni maroƙi a gidana," in ji shi. "Empera, rediyon nan tun kafin ki yi haƙoran roba nake da shi."

"Rufe baki, tsoho. Bakinka ne ya kai mu nan."

Na ce a dawo da abin da yake nasa. Ta ce in na ga rediyo zan rubuta masa gidan rediyo. Na ce fom ɗin ba ya ma tambayar rediyo, kuma ba zan fara ba sai ya koma kujerarsa, ƙafar tana bukatar a ɗaga ta. Sai ta leƙa waje ta yi kira. Aka shigo da kujera, da teburi, da rediyo. Hoton matar tasa ita da kanta ta mayar a ƙusarsa.

Tambaya ta arba'in da ɗaya. Na ce, "Baba, kana da firji naka na kanka?"

"A'a." Bango ya kalla da ya faɗa.

Abin da yake samu: ba ya kamun kifi tun shekara uku. Yana gyara wa mutane raga in an kawo. Wannan ma sai da Doña Emperatriz ta faɗa, shi ya gyaɗa kai kawai.

Minti arba'in da ɗaya. Dairo ya sa hannu bai yi ba'a ba.

Litinin, 29 ga Janairu

Takardar asibiti ta fito, na kai da kaina. Kati ya dawo. An ba shi allurarsa. Sabuwar ranar Sincelejo: 12 ga Maris.

Daga miƙawa zuwa fitowa kwana bakwai. Goma da bakwai, sha bakwai. Da na miƙa ranar da na rubuta, da ya rage kwana takwas kafin ranar likita. Na yi lissafin nan a bayan rasiti, a tafin hannu, a ka. Ba ya canjawa.

Laraba, 31 ga Janairu

An sabunta min, wata uku. Ba don komai ba, ɗaya cikin ukun da aka zaɓa ta sami aiki a birnin Montería. An bar min hanyar kogi gaba ɗaya, wadda ba mai so. Takardar tana fayil ɗina.

Mama ta kunna kyandir a coci. Na kasa yin murna, na kasa faɗa mata dalili.

Litinin, 5 ga Fabrairu

Nas ce ta kira ni. Ranar Asabar zazzaɓi ya rufe Don Cástulo, aka sauko da shi a ragar kwanciya zuwa kwalekwale, daga nan mota zuwa Sincelejo. Gaggawa. Yau da safe aka yanke masa yatsun ƙafa biyu. Ta ce an ceci ƙafar, in gode wa Allah.

Na tambaye ta da an gan shi ranar 25 fa? Ta ce ita ba boka ba ce. Ta ce wataƙila da an yanke ɗin duk da haka, wataƙila da ba a yanke ba.

Wataƙila. Ba gurbin wannan ma a fom.

Asabar, 17 ga Fabrairu

Ya dawo gida ranar Laraba, rana ɗaya da fitowar harafinsa. B. Na buga takardar na kai masa, da lemo rabin dozin.

Ya rame. Ƙafar tana kan matashi a saman bokiti. Ya karɓi takardar ya riƙe nesa da ido, ya ce B ɗin nan ya fi na da ƙiba.

Na shirya abin da zan faɗa tun a kwalekwale. Na ce, "Baba, takardar nan da na miƙa, tun ranar goma na rubuta ta. Ranar da na zo nan tana jakata."

"Na sani. Kin riƙe jakar kamar akwai maciji a ciki."

Doña Emperatriz tana bakin ƙofa tana ɓare wake. Ba ta ɗago ba. "Kwana goma sha biyu, yatsa biyu. Ke ce mai lissafi, ki raba ki gani."

"Empera."

"Ban ce komai ba."

Ya nuna ƙafafunsa da leɓe. "Ƙirga, Dokta, tunda kin zo."

Na ce a'a.

"To ni zan ƙirga miki. Takwas. Ki rubuta takwas. Kuma duk nawa ne, ba na ajiya ko ɗaya."

Ya yi dariya har ya yi tari. Ni ban iya ba. Ya jawo fulas ya zuba kofi, ba suga, ya ce tunda an hana shi kowa ma ya haƙura. Ranar Asabar ce, ba ni kan aiki, ƙa'idar ba ta hau kaina ba. Na sha. Da ɗaci.

Da zan tafi Doña Emperatriz ta raka ni har bakin ruwa, ba don ta huce ba, ta ce tana son ta tabbatar na tafi. A hanya ta ce, "Ba a tambayar mai tudu ko kaya nasa ne. Kakarki ba ta koya miki komai ba? Cewa ake, bana wa da wa suka ba ka ajiya. Sai ki ga baki ya buɗe."

Talata, 12 ga Maris

Ya je Sincelejo. An ce wurin yana haɗewa. Takalmi na musamman, an sa shi a layi.

Talata, 14 ga Mayu

An sake sabuntawa, zuwa Yuli. Kogi ya fara hawa tun makon jiya, bana ya yi sauri.

Unguwar Caño Viejo. Gida na uku a kan tudu yake, na wata Doña Hortensia, bazawara, da jikoki biyu. Firji biyu a falo, injin wanki, babbar lasifika irin ta biki. Ƙyalle shuɗi, ƙyalle fari, igiyar takalmi.

Ta ga ina kallo, ta miƙe wuya. Na san abin da za ta ce.

Na zauna tukuna. Na tambaye ta ruwa ya kai ina bara, ta nuna min a jikin bishiyar mangwaro. Na ce, "Inna, bana wa da wa suka ba ki ajiya?"

Minti goma tana lissafa min. Shuɗin na matar limamin cocin ƙetare ne, farin na wata da suka yi shekara biyu ba sa magana amma firjinta bai fasa zuwa ba, lasifikar ta surukinta, wanda ba shi da abin kirki sai ita. Nata a ciki fanka ce kawai. Na rubuta firji, a'a. A gurbin ƙarin bayani na rubuta sunayen masu kayan da launin ƙyallensu, in masu bin diddigi sun zo su karanta.

Ta kawo kofi. Yana da zafi, kuma ta riga ta zuba.

Da muka wuce Barranquita na hango maza huɗu suna hawa tudun Don Cástulo da firji a kafaɗa, jan ƙyalle yana lilo. Yana tsaye a ƙofa da sanda yana nuna musu inda za su ajiye. Ban ce a tsaya ba. Dairo ne ya rage gudun injin da kansa.

Gida biyar na yi yau maimakon tara. Dokta Vergara za ta tambaya. Zan ce ruwa ne.

Ai akwai ruwan.